Amsar Wasiƙunku: Me Ya Sa Gindin Gona Ya Fi Kanta Albarka?

A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa wuri guda, domin ko da ya ke waɗanda suka aiko da su ba su san juna ba, kuma sana'arsu ba ɗaya ba ce, amsar tambayoyinsu daga tushe guda ta fito.

Wasiƙa ta farko ta zo daga wani manomi a ƙasar Wamakko, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa saboda maganar ta cikin gida ce. Ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona guda mai tsawo, wadda ta faro daga gindin wani tudun marmara ta gangaro har bakin fadama. A can sama gero ba ya wuce ƙugu, ƙuduji ya cinye wurin, amma a ƙasa dawa har ta kan ɓoye mutum. Bara ya sayi buhu biyu na takin zamani ya watsa wa gonar duka bai ɗaya, sai ƙasan ya ƙara yin kore shar, saman kuwa yana nan yadda ya ke. Yana tambaya, shin takin jabu aka sayar masa, ko kuwa gaskiya ne abin da wasu ke faɗi cewa an yi wa saman gonar asiri? Sa'an nan ga rabon gado ya matso, kowa cikin magada ya sa ido a kan gindin gonar, har an fara 'yar tsama tsakaninsa da ƙanensa.

Ta biyu kuma daga wani Alhaji ne mai fataucin goro a nan birnin Sakkwato, wanda ya daɗe yana zuwa Shagamu sari. Ya ce abin da ke ɗaure masa kai shi ne, a Kurmi ga itatuwa rututu, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, amma idan aka sare daji aka yi gona, shekara biyu ko uku sai ka ji manomi yana kukan ƙasa ta gaji. Ina ƙarfin da ya raya waɗannan manyan itatuwa ya tafi?

To, madalla da waɗannan tambayoyi. Malam na Wamakko, da kai za mu fara, kuma tun kafin mu yi nisa ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya yi wa gonarku asiri. Abin da ka ke gani haka ya ke a kowace gona mai gangare, daga nan har Gwadabawa, har ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba.

Ƙasar noma ba yashi da laka kaɗai ba ce. A cikinta akwai wani abu baƙi-baƙi, mai laushi, mara nauyi, wanda asalinsa duk abin da ya taɓa rayuwa ne ya mutu ya ruɓe: ganye, saiwa, kara, kashin dabbobi, matattun ƙwari. Masana suna da sunansu da su ke kiransa, mu dai a wannan fili bari mu ce masa maiƙon ƙasa, domin kamar yadda maiƙo ya ke ga miya, haka ya ke ga gona. Shi ke riƙe ruwa kamar soso, har shuka ta iya jure kwana goma ba a yi ruwa ba. Shi ke ɗaure yashi ya zama dunƙule-dunƙule kada iska ta kwashe. Shi ke kama takin zamani ya riƙe, ya riƙa sakar wa saiwa kaɗan-kaɗan. Kuma ba shi da yawa ko kusa. A yawancin gonakin tudu na wannan yanki namu ba ya kai kashi 1 cikin 100, watau idan ka auna kwano ɗari na ƙasar gonarka, da ƙyar ka sami kwano guda na maiƙo a ciki. Ɗan abin da ke akwai ɗin ma a sama-sama ya ke, iyakar inda hauya ke kaiwa.

Abu biyu ke raba gona da wannan maiƙo, ruwa mai gudu da kuma zafi. Siffar ƙasa kuwa, watau tudu ce ko gangare ko kwari, ita ke yanke inda kowannensu zai fi yin ɓarna.

Mu ɗauki ruwa tukuna. A Sakkwato ruwan da mu ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukansa a cikin wata huɗu ya ke sauka, daga Yuni zuwa Satumba. Ba yayyafi ya ke yi ba, da ƙarfi ya ke zuwa, da iska a gaba. Ruwan farko kuma ya kan tarar da gona tsirara, an kwashe kara, dabbobi sun lashe sauran, rana ta gasa ƙasa tun watan Maris. To ka taɓa tsayawa ka kalli mata suna regen gero a ƙwarya? Tsakuwa da yashi su ke zama a gindi, dusa da ƙaiƙayi su taso su bi ruwa. Abin da ruwan sama ke yi wa gonarka ke nan a kowace damina. Abu mara nauyi shi ya ke fara ɗauka, maiƙon ƙasa da laka mai laushi da busasshen kashin awaki da ka sha wahalar kaiwa a mangala. Tsakuwa da yashi mai gautsi ya bar maka su a sama. Idan ya isa inda ƙasa ta kwanta, gudunsa ya ragu, sai ya sauke kayan da ya ɗauko.

Saboda haka idan ka tashi daga kan tudun marmarar nan taku ka gangara a ƙafa, ƙasa iri huɗu ko biyar za ka taka, kowace tana bin 'yar'uwarta. A ƙoli akwai marmara da jar tsakuwa, sai geza da sabara nan da can. Daga nan sai kafaɗar tudun, inda gangare ya fi tsanani. Nan ne aka fi yi wa sata, har wani wuri ya koma faƙo, ƙasa ta daskare kamar an yi mata daɓe, ruwa ba ya shiga ko kaɗan. A ƙasa da shi sai jigawa, yashi mai zurfi, wurin gero da wake da gyaɗa. Sai kuma inda yashi ya fara gauraya da laka, launinsa ya soma duhu, wurin dawa ke nan. A ƙarshe sai fadama da baƙar lakarta, inda giyayya da jema ke fitowa, inda a ke shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani.

Wani Bature masanin ƙasa mai suna Geoffrey Milne, wanda ya yi aiki a Tanganyika, ƙasar da a yau ta ke cikin Tanzaniya, shi ne a 1935 ya ba wannan jeri suna da wata kalmar Latin mai ma'anar sarƙa. Nufinsa shi ne ƙasar tudu da ta gangare da ta kwari ba baƙin juna ba ne, a haɗe su ke kamar zoben sarƙa, abin da ɗaya ta rasa shi ɗaya ta samu. Ni dai da na karanta wannan sai na yi murmushi, don kakanninmu da suka raba tudu da faƙo da jigawa da fadama, kowace da sunanta da abin da a ke shuka mata, ai sun riga shi ganin sarƙar. Har ila yau Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma gonar koyarwa biyu ta ke da ita, ta tudu a Dundaye, ta fadama a Kwalkwalawa, ga su kusa da juna amma abin da aka gwada a ɗaya ba lalle ya ci a ɗayar ba.

Sai maganar zafi. Ruɓewar ganye ba haka kawai ta ke faruwa ba, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke cinsa, tare da gara da tsutsotsi. Waɗannan halittu suna son ɗumi da ɗan danshi da iska. A kan tudu, inda yashi ke da ƙofofi iska na shiga, ga zafin da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, da zarar ruwa ya sauka sai su tashi haiƙan, kafin kaka sun cinye abin da aka zuba. A kwari kuwa ƙasa ta fi sanyi, idan ruwa ya kwanta kuma ya kan toshe ƙofofin iska, sai cin ya yi sanyi, maiƙo ya riƙa taruwa shekara bisa shekara. Ka dubi tuwon da aka bari da bazara da wanda aka bari da hunturu, wanne ke riga lalacewa?

Ka ga ke nan gindin gonarku riba uku ya ke ci. Ana kawo masa daga sama, ciyawa ta fi tsiro a cikinsa saboda danshi, kuma abin da ya samu ba ya saurin ƙonewa. Saman kuwa hasara uku ya ke yi, daidai da waɗannan.

Wannan ya kawo mu ga takin da ka saya. Ba mu ce babu takin jabu a kasuwa ba, amma naka da alama mai kyau ne, shaida kuwa ita ce ƙasan gonar ya amsa. Takin zamani, musamman farin nan yuriya, narkewa ya ke kamar gishiri. Idan ya faɗa a ƙasar da ba ta da maiƙon da zai riƙe shi, ko dai ya nutse can ƙasa inda saiwar gero ba ta kaiwa, ko ya bi ruwa ya gangara, ko ya bi iska idan an bar shi a fili ba a rufe ba. Wanda ka watsa a sama, wani kaso nasa dawar ƙasa ce ta sha. Ƙudujin da ka ambata kuma shi kansa alama ce, don ya fi samun sakewa a gonar da ta rame.

Yanzu Alhaji, mu zo kan Kurmi. A can ruwan sama ya ninka namu fiye da sau biyu, ga ɗumi da danshi kusan duk shekara, saboda haka waɗancan ƙananan halittu ba su da hutun rani irin na nan. Ganyen da ya faɗi, kafin shekara ta zagayo babu shi. Amma ba ɓacewa ya ke yi ba, saiwoyin itatuwa suna nan shimfiɗe kamar tabarma dab da fuskar ƙasa, suna tsotse abin da ya narke nan take su mai da shi sama. Watau dukiyar dajin Kurmi, mai yawa daga cikinta a jikin itatuwan ta ke, ba a cikin ƙasa ba. Kamar ɗan kasuwa ne wanda jarinsa duka yana cikin kaya, yana juyawa kullum, ba ya ajiye kuɗi a gida. Kai ka fi ni sanin abin da zai faru da shi ran da aka ce rumfa ta ƙone. Idan aka sare dajin aka cinna wuta, tokar za ta ciyar da masara da rogo shekara ɗaya ko biyu, daga nan babu sabon ganye mai faɗowa, rana ta sami ƙasa kai tsaye, ruwa mai ƙarfi ya wanke saura. Shi ya sa manoman can a da su kan bar gona ta koma daji shekaru da dama kafin su dawo mata, shi ya sa kuma gonar goro da ta koko, da ya ke itatuwa ne masu inuwa da zubar da ganye, su kan daɗe ba su gaji ba.

Amma ko a cikin dajin, ƙasar ba ɗaya ba ce, kuma nan ne tambayarka ta haɗu da ta Malam. In ka koma Shagamu ka lura da gonakin da ke kan gangare, za ka ga su ke fara nuna jar ƙasa da tsakuwa bayan an sare daji. A kwarin rafi kuwa ƙasa baƙa ce mai laushi, a can Yarbawa ke yin lambun rani, wanda su ke kira akuro. Ka tambayi abokan cinikinka, fadamarsu ke nan. Masu binciken dazuzzukan ƙasashe masu zafi sun sha tarar da haka: a daji guda, itatuwa iri guda, ruwan sama guda, amma kaurin baƙar ƙasa ya bambanta tsakanin gangare da kwari, tafiyar da ba ta fi taku ɗari ko biyu ba.

Inda abin ya kai matuƙa shi ne a tsakiyar dajin Kwango. Wurin wani ƙaton kwari ne mai kama da faranti, ruwa ba ya samun hanyar fita da sauri, itatuwa suna tsaye cikin ruwa yawancin shekara. Ganye da rassan da suka faɗa ciki ba sa gama ruɓewa saboda babu iska. A 2017 masana daga Jami'ar Leeds ta Ingila tare da abokan aikinsu 'yan Kwango suka bayyana cewa wannan tarin ruɓaɓɓen ganye ya rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 145,500, watau ya fi jihar Sakkwato sau biyar. A wasu wurare zurfinsa ya kusa mita 6, kuma ya fi shekara dubu goma yana taruwa. Ga zafi iri ɗaya da na sauran dajin, amma saboda ƙasar ta lotsa ta riƙe ruwa, maiƙon da a wani wuri ba ya shekara, a nan ya yi dubban shekaru. A ƙasar Indunusiya akwai irinsa, kuma da aka haƙa magudanai aka janye ruwan don a yi gonaki, sai ya bushe, har ya kama wuta a 1997 da 2015, ƙasa kanta tana ci wata da watanni.

Tsawo ma yana nasa aiki. Duk wanda ya hau tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda a ke noman ganyen shayi, ya san sanyin wurin, kuma ya ga ƙasar sama baƙa ce mai kauri ko da ya ke tudu ne. Sanyi ne ya rage wa masu cin ganyen ƙarfi. Mu a nan ba mu da dutsen da ya kai wannan, sanyin da za mu iya samar wa ƙasa shi ne inuwar itace da rufin kara.

Mu dawo gida. Babban kwarin da mu ke da shi shi ne fadamar Rima da gulbin Sakkwato, waɗanda suka haɗu a kusa da birnin nan suka nufi Argungu da Birnin Kebbi. Abin da ke faruwa a gonar Malam shi ke faruwa a nan, sai dai a babban ma'auni. Gulbin Sakkwato tun daga wajen Funtuwa ya taso ya ratsa Gusau, Rima kuma tana karɓar ruwa har daga gulbin Maraɗi, kowanne ɗauke da lakar gonakin mutanen da ba su san mu ba. Idan ruwa ya cika ya malala, sai ya shimfiɗa wannan laka a fadama. Wannan shi ne takin da iyayenmu suka yi shekara da shekaru suna samu kyauta. Da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, na Goronyo kuma a 1984, an sami ruwan noman rani da ruwan sha, amma ruwan da aka tsare ya kan zubar da lakarsa a cikin dam. Binciken da aka yi bayan gina Bakolori ya nuna malalar ruwa ta ragu a fadamun da ke ƙasa da shi, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a ƙauyuka da dama. Don haka mai fadama ma kada ya ɗauka rijiyar ba ta ƙafewa.

Kuma ba kullum alheri ke gangarowa ba. Idan tudu ya tsiraita sosai, ruwa ya gama kwashe mai laushin, sai ya fara yanka kwazazzabo yana ɗauko yashi tsagwaro. Da yawa daga cikinmu mun tuna ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Goronyo da ƙauyukan bakin Rima. Na ga gonar shinkafa da idona bayan ruwa ya janye, farin yashi ya binne ta har ba ka gane kunya. Wanga abu ya kamata ƙanenka ya ji shi, Malam: wanda ya karɓi gindin gona ya bar sama ta lalace, wata rana saman za ta sauko masa.

Akwai kuma gargaɗi ga masu sayen gona, don na san 'yan kasuwa da dama suna sa kuɗinsu a fadama yanzu. Ba kowace baƙar ƙasa ce mai maiƙo ba. Akwai baƙar laka mai tsagewa da rani, mai kama ƙafa da damina, wadda baƙinta na asalin lakar ne, maiƙonta kuwa kaɗan ne. Akwai inda ruwa ke daɗewa fiye da kima, idan ka haƙa sai ka ga ƙasa toka-toka mai ɗoyi, saiwa ba ta numfashi a ciki, shinkafa kaɗai ke jurewa. Akwai kuma lotsattsen wurin da ban-ruwa ya tara wa gishiri, za ka ga fari-fari kamar kanwa a fuskar ƙasa da rani. Kafin ka biya, ka je da hauya. Ka haƙa rami kamu guda a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa, ka auna da yatsu inda duhun ƙasa ya tsaya a kowanne. Ka jiƙa ka murza ka sansana. Mai maiƙo tana marmashewa a hannu, tana ƙamshin ruwan farko. In kana son ƙarin shaida, ka zuba ƙasar a kwalba da ruwa ka girgiza ka ajiye ta kwana, yashi zai zauna a gindi, laka a bisansa, ɓarɓashin ganye kuma ya taso sama.

To me za a yi wa saman gonar? Aikin farko shi ne a rage wa ruwa gudu, don duk takin da aka kai kafin a yi wannan, na maƙwabcin ƙasa ne. Kunya a gicciye za a yi ta, ta tare gangare, ba ta bi shi ba. Na san dalilin da ya sa wasu ke yin ta a miƙe, sun ce shanun huɗa sun fi jin daɗi kuma ruwa ba ya fasa kunya, amma kowace kunya da ta miƙe ƙasa lambatu ce ka gina wa ruwa da hannunka. Tun da kuna da marmara a kusa, ku jera duwatsu layi-layi a gicciye, tsawon bai fi taƙi guda ba. Ba tsare ruwan a ke so ba, a dai sa ya yi tafiyar hawainiya ya sauke kayansa. Bayan damina ɗaya ka je bayan layin ka ga abin da ya taru. Inda babu dutse a dasa gamba ko jema.

Faƙon kansa ana tayar da shi, kuma maƙwabtanmu na Nijar sun nuna haka. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa, ba tamu ta kan iyakar Ƙonni ba, suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda a ke haƙa ramuka a faƙo tun da rani. A can ana ce wa dabarar zai, kuma marigayi Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, shi ya fi kowa suna wajen inganta ta. Mutanen Tawa suna ce mata tassa. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar 15 ko 20, a tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangare, a zuba takin gida cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda faƙon, ruwa ya sami hanyar shiga, iska kuma ta tara ganye da ƙura a ramin. A taƙaice ka ƙera wa kowace shuka 'yar fadamarta. Aiki ne mai cin ƙarfi, da diga a ke yinsa cikin zafin bazara, ba zan ɓoye maka ba. Amma a ƙasar Illelar har ta kai mutane suna sayen faƙon da a da ko kyauta ba a so, don sun san yadda za su tayar da shi.

Takin gida kuma a sama za ka fi zuba shi, ba a ƙasa ba, ko da ya ke ƙasan ya fi saurin nuna maka godiya. In za ka sa Fulani su kwana da shanu bayan girbi, ka sauke su a jigawar sama. Kada a share kara duka, a bar wani a kwance ko da na gero ne, kuma a daina ƙona shara a gona. Takin zamani kuwa, a cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an gwada zuba ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka a rufe, maimakon watsawa, kuma ya biya. Da wannan dabara buhunka biyu za su yi nisa fiye da bara. Sa'an nan duk kututturen gawo ko kalgo ko sabara da ya tofo, kada a tumɓuke, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe saura. Da wannan hanya, wadda aka fara yaɗawa a Maraɗi a 1983, manoman Maraɗi da Damagaram suka mai da itatuwa a fili mai kimanin hekta miliyan 5. Gawo dai kowa ya san halinsa, da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi inuwa dabbobi su taru a gindinsa su bar taki.

Saura maganar rabo. Kason kowane magaji ba aikin wannan fili ba ne, malamai da alƙali su ke da wannan. Abin da za mu iya faɗi game da ƙasa shi ne, igiya tsawo da faɗi kaɗai ta ke aunawa, ba ta auna maiƙo. Idan aka yanka gonar nan a gicciye, wani ya ɗauki sama wani ya ɗauki ƙasa, ko da igiya ta yi daidai amfanin ba zai yi daidai ba. Hanya ɗaya ita ce a tsaga ta a tsaye, daga tudu zuwa bakin fadama, kowa ya sami faƙo da jigawa da laka gwargwadon kasonsa. In gonar ta yi siriri da yawa ga haka, sai a kira dattawan da suka san ƙasar su yi wa kowane sashe kuɗi daban, a yi rabon bisa ƙima. Kowace aka zaɓa, layin duwatsun nan dai a gicciye zai ratsa gonar duka, ba ya tsayawa a kan iyakar wani, saboda haka ku yi maganarsa da ƙanenka tun kafin a kafa turaku.

Ka haƙa ramukan nan uku kafin ranar rabon, ka kai magada duka su leƙa da idonsu. In ka auna kaurin baƙar ƙasa a kowane rami, ka rubuto mana abin da ka samu, yatsa nawa a sama, yatsa nawa a ƙasa, za mu karanta wa sauran masu sauraro.